Hannun da ke miƙe mini yatsu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran aminina Tanimu Kalla a Tamaske, bayan ɗan zazzaɓi da bai ba mu damar yi masa komai ba. Labarin ya same ni kwance a ɗaki, ƙafata ta dama a kan matashi. Ina jin shigewar masu ɗauke da makara ta bayan katangarmu, ba ni da ikon taka ƙasa.

Tanimu, kai ka ciro ni daga ƙarƙashin amalanken albasa ranar da ya kife mini a ƙwauri. Mai ɗori ya yi nasa, ƙashi ya haɗe, amma jijiya ta ɗaure a ciki. Da na ɗaga ƙafa zan taka, sai yatsun su dunƙule. Shekaru ina ɗingishi, takalmi ya gagare ni, sujada ma sai da dabara. Na ce na haƙura. Ka ce, "Kai dai tsoron wuƙa kaka yi, malalaci. Tashi mu tai Tawa!"

Ka goya ni a babur har asibitin Tawa ina ta gunaguni. Da lokotoro, wato likita, ya bayyana cewa zai tsaga bayan idon sawu ya ƙara wa jijiyar tsawo, ni gumi nake, kai kuwa tambaya kake ta yi kamar ƙafarka ce. Ka kwana a tabarma gindin gadona har aka sallame mu.

Da aka cire filasta, lokotoro ya gargaɗe mu: sai an riƙa miƙe yatsun safe da yamma, in ba haka ba, sai su koma yadda suke. Kai ya koya wa. Kakan zo daga lambu da laka a gwiwa, bayan ka shayar da albasarka da tawa, ka zauna ka ɗora ƙafata a cinyarka. Ina ihu ina zaginka, kana dariya kana cewa, "Zagi dai, ba ni saki."

Tun da ka tafi ba wanda ya iya. Matata Habsa ta gwada, da na yi ƙara sai ta saki ta fashe da kuka. Ni kuma hannuna ba ya kaiwa. Yau da safe na ga babban yatsan ya soma lanƙwashewa. Na zauna ina kallonsa, na rasa wanda zan kira.

Allah ya jiƙanka, Tanimu, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da abin da ni ban iya ba. Allah ya ba mahaifiyarka Inna Cima, da matarka Balkisu, da 'ya'yanka haƙuri. Inna, ki yafe mini rashin zuwa gaisuwa. Wanda ke ɗauko ni shi aka kai makwanci.