Tashar Tsakiya da Muka Kafa da Yayana

Yayana ya dawo Dogon Dutsi daga Yamai a shekarar da ciwon suga ya fara cin idanunsa. A can aikinsa kula da manyan na'urorin nan da ake kira sarba, waɗanda saƙonnin intanet ke bi ta cikinsu. Ni kuwa malama ce a lakkol, wato makarantar bokon unguwarmu, abin da na sani na ordinata, wato kwamfuta, bai wuce buga jarrabawar yara ba.

Tun kafin ya bar aiki ya kama hayar wata sarba a ƙasar waje, mai ɗaukar kaya da yawa ba tare da ta gaji ba. So yake ya mai da ita tasha cikin wani tsari da ke ɓoye sawun masu shiga intanet. Ya bayyana mini cewa saƙo yakan bi tasha uku. Ta farko ta san mai saƙo amma ba ta san inda ya nufa ba, ta ƙarshe ta san inda aka nufa amma ba ta san mai shi ba. Tamu ta tsakiya ce, ta karɓa ta miƙa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ba ni labarin wani abokinsa da ya yi rubutu kan gonar da aka ƙwace wa danginsu, aka bi sawunsa har ya rasa aiki.

Tunda ba ya iya karanta ƙananan haruffa, ni na zama idonsa. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, in ɗora ordinatar a cinya, shi yana faɗa mini umarni harafi harafi, ni ina bugawa, in karanta masa amsar da ta fito. Muka rubuta ƙofar da saƙo zai shigo ta, da yawan kayan da tashar za ta ɗauka, da sharaɗin cewa ba za ta zama ta ƙarshe ba. Sau da yawa rezon intanet ya yanke muna tsakiyar layi, ko a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batir ya mutu, sai mu zauna muna hirar yarinta har a kira magariba.

Kawunmu ɗan kasuwa, mutum mai tsantseni a addini, ya tarar da mu wata rana ya tambaya ko ɓarayi ma na iya bi ta wannan hanya. Yayana bai ɓoye ba, ya ce suna iyawa.

“Kawu, in na iya ganin ɓarawo, to na iya ganin mai tsoro, kuma wani ma na iya ganinai.”

Kawu ya ce bai gamsu ba, kuma har yau bai canza ba. Amma shi ya riƙa kawo wa Yayana magani daga Doso.

Ranar da tashar ta tashi na ɗauka za mu ga cunkoso. Sai ga layin da ke nuna zirga-zirga kwance a ƙasa. Yayana ya ce haka abin yake, ba a sakar wa sabuwar tasha kaya sai an daɗe ana ganin ba ta faɗuwa. Kullum da na buɗe sai ya ce, “Auta, mi kika gani?” In ce masa kaɗan ne. Ya ce a bar ta.

Kafin kaka ƙodarsa ta gaza. Muka kai shi asibiti a Doso, can ya cika.

Sai da aka watse daga zaman makoki na iya buɗe ordinatar. Layin ya hau sama, ya kusa cika duk abin da muka ware masa. Ban san lokacin da na fara karanta lambobin da ƙarfi ba, har Inna ta leƙo ta tambaye ni da wa nake magana. Na nuna mata, na ce mutane ne ke wucewa ta aikin Yaya. Ta tambaya ko sun ji rasuwarsa. Na ce ba su ma san an yi shi ba. Ta yi musu addu'ar isa lafiya ta koma ɗaki.

Na riƙe tashar iya iyawata, har ta fara turo gargaɗin cewa tsarinta ya tsufa, ni kuma ban san gyaransa ba. Wani tsohon abokin aikin Yaya ya zo gaisuwa daga Yamai, ya duba, ya ce zai karɓi kula da ita. Na ba shi mabuɗin sirrin, ya canza shi a gabana kamar yadda ya kamata. Tun ranar ban sake iya shiga ba.

Da farko yakan kira ya ce tana nan tana aiki. Yanzu kiran ya yi wuya, ni ma ina jin nauyin tambaya. Ordinatar tana lakkol, da ita nake buga jarrabawa.