Umara Mai Jigo da Lambun Makarantar Makafi

Da asuba, bayan an idar da salla, na sauko fadama zan yanke hanya zuwa wurin aiki, sai na hangi Umara a cikin sabon lambun da ke bayan makarantar makafi. Ya warware rawaninsa ya ɗaure idanunsa da shi, ya tuɓe takalma, yana tafiya a hankali da hannuwa a miƙe. Ya yi taku kamar goma, ya karkata hagu bai sani ba, ya faɗa cikin shinge. Na ji ya ja iska ta haƙori. Ya zare hannunsa daga ƙaya, ya tsotse jinin, ya ci gaba, bai kwance rawanin ba.

Na ce, "Baba Umara, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Auta ne? Wuce aikinka. Ɓarnar da muka yi nake dubawa."

Wannan a shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama ne. Lokacin ina lebura a aikin hanya na En'e a Haɗeja. Umara maƙwabcina ne, ya kai shekara sittin ko ya ɗara. Kakanninsa daga wajen tafkin Cadi suka zo, shi kuwa a nan aka haife shi, bai san wata sana'a ba sai lambu. Da ruwan kogi ya ja baya sai ya kafa jigonsa a bakin gaɓa, yana ɗebo ruwa guga guga yana shayar da albasa da barkono da ɗan fegin alkama. Ba mai magana ba ne. Idan ka gaishe shi ya amsa, idan ka tsaya labari ya miƙa maka fartanya.

Kusa da lambunsa makarantar Malam Isa take. Malam Isa makaho ne, yaransa goma sha ɗaya duk makafi, wasu agana ta taɓa, wasu ƙyanda. Da safe ya biya musu karatu da ka, da yamma su yi tufkar igiyar rama. Zauren yana da ƙofa ta baya, daga nan fili ne mai gangare har kogi. A ƙarshen daminar bara wata yarinya a cikinsu, Binta, 'yar shekara tara, ta fita ta wannan ƙofa shan iska, ƙafarta ta zame, ruwa ya ja ta. Wani masunci ne ya cafko ta da riga. Tun ranar Malam Isa ya sa aka toshe ƙofar da zana, yara suka riƙa wuni a zaure kamar kaji a akurki.

Uwar Binta, Larai, mai sayar da bandar kifi ce, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Bayan wata huɗu a haka ta zo ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, "Allah gafarta Malam, idan kulle ne, ni ma ina da ɗaki. Ko dai yarinyar nan ta iya fita ta dawo da ƙafarta ba hannun kowa, ko in ɗauke ta." Kowa ya san in Larai ta ɗauke tata, sauran iyaye za su bi, kuma yaron da aka mayar gida a ƙuryar ɗaki zai ƙare.

Umara yana jin wannan daga bakin jigo. Washegari ya zo wurin da muke ajiye kayan aiki ya ce, "Lahadi ba ku fita. Ku zo da diga da shebur, akwai gayya." Ya yanki rabin feginsa na albasa ya haɗa da filin bayan zauren, ya ce nan za a yi wa yara wurin zagayawa.

Mu tara muka je, har da Baƙo, abokin aikina mai surutu. Mairo matar Malam ta dama fura cikin babbar ƙwarya. Muka yi abin da muka iya. Muka ja igiya muka fitar da hanya miƙaƙƙiya daga ƙofar zaure zuwa ƙarshen fili, muka tumɓuke duk ciyawa da ɗan dutse, muka yayyafa ruwa muka daɓe ta sumul. Akwai wata ƙaramar ɗinya a tsakiya, Baƙo ya ɗaga gatari, Umara ya riƙe ƙotar, saboda haka hanya ta ɗan kauce mata. Sannan aka yi shinge. Duk wanda ya taɓa lambu a fadamar nan ya san da me ake shinge: ƙaya, don awaki da shanun da ke saukowa shan ruwa. Umara da kansa ya saro ƙayar bagaruwa, ya jera ta dama da hagu, kauri, har ƙirji. Ba wanda ya yi tunanin komai, ni ma ban yi ba.

Baƙo ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wannan ko Di'o ya bi da mota ba zai ji gargada ba. Baba Umara, sai ka sa mana kuɗin shiga."

Umara ya ce, "Kai dai ɗauki kwandonka."

Lahadi ta biyu da yamma aka cire zanar, aka kira Larai. Binta ta fito tana murmushi. A kan daɓen nan namu ko'ina ɗaya ne a tafin ƙafa, babu abin da zai gaya mata ina ta dosa. Ta yi taku kaɗan ta karkata, ta miƙa hannu neman abin dafawa kamar yadda kowane makaho yake yi, ta damƙi ƙaya da dukan tafinta. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Tsayawa ta yi cak tana kiran uwarta.

Larai ta ɗauke ta, ta zauna tana cire mata ƙaya ɗaya ɗaya, har bakwai. Ta ɗago ta dube mu ta ce, "Maza tara masu ido." Malam Isa ya roƙe ta, ya sake roƙo, da ƙyar ta ce ta ba mu Juma'a biyu, kuma kafin nan yarinya tana gida.

Washegarin wannan ranar ce na same shi da rawani a ido. Kwana uku yana haka kowace asuba, hannuwansa duk sun yi zane. A rana ta huɗu ya shiga zauren ya zauna a tabarma tare da yara, abin da ba mu yi ba tun farko. Ya ce, "Malam, in za ka masallaci, da me kake gane hanya?"

Malam Isa ya yi dariya ya ce, "Yau ka tambaya? Daga nan yashi ne har gidan mai tukwane. Can ƙasa ta yi tauri. In na ji warin jima, na karya dama. In na ji tattabarun liman, na iso."

Umara ya ce, "Mu kuwa duk mun share."

"Kun share tas. Aikinku ya yi kyau, an ce."

Gayya ta biyu mu biyar muka zo, sauran sun ce sun gaji da aikin da ba godiya. Ban ga laifinsu ba, ni ma bayana yana ciwo. Muka janye ƙayar gaba ɗaya muka mayar da ita waje, muka kafa zana a ciki, tsakaninsu ya fi tsawon hannu, yadda akuya ba ta shiga, yaro kuma ba ya taɓawa. Umara ya bi ƙasa da tafin hannu yana tsince guntayen da suka zube, ya wuni a haka a durƙushe. Muka kafa dirkoki yadda hanya za ta karya kwana biyu, ya goge kowace da dutse har ta yi santsi. Igiyar da aka ja a kansu yaran ne suka tufka, su suka ce a yi ƙulli ɗaya kafin kowace kwana, ƙulli uku a inda hanya ta ƙare.

Sannan Umara ya sa muka farfasa daɓenmu. Baƙo ya ce, "Wallahi Baba, wannan zalunci ne. Ban taɓa yin hanya mai kyau kamar wannan ba, ko don Bature."

"To je ka kira Baturen ya bi."

Daga ƙofa zuwa ɗinya muka zuba yashin kogi. Daga ɗinya zuwa kwana, ɓawon gyaɗa, mai ƙara in an taka. Daga nan ƙaiƙayin shinkafa da wani mutumin Auyo ya kawo a jaki. Taku biyar na ƙarshe, wajen kogi, tsakuwa, don ƙafa ta san ta zo inda ba a wasa. A can Umara ya rataya goruna uku da tsakuwa a ciki a jikin igiya, da an taɓa su yi kacau-kacau, har zaure ana ji. Bayansu zana biyu ce a haɗe.

Ba lokacin jiran shuka ta girma, sai ya haƙo nasa da ƙasarsu ya dasa. Ɗoɗɗoya a kwanar farko, na'ana'a a ta biyu, kajiji kusa da goruna, albasa kuwa a bakin ƙofa, don duk wanda ya ji ta ya san ya dawo gida. Komai a kan kunya mai tsayi, yadda hannu zai same shi ba sai an sunkuya ƙwarai ba. Ƙarƙashin ɗinyar ya binne kasko ya cika da ruwa, ya watsa tsabar gero. Na tambaye shi wannan na mene ne, ya ce tattabarun liman. Kafin mako ya ƙare kurciyoyi sun gane wurin, tsuntsayen marai ma suna sauka da rana suna ta hayaniya.

Juma'a ta biyu bayan an sauko daga masallaci Larai ta zo da Binta, hannun yarinyar har yanzu da ɗan tabo. Sauran yara sun riga sun bi hanyar, ita ko sau ɗaya ba ta taka ba. Umara ya tsuguna gabanta ya ce, "Jikata, ni na sa ƙayar nan, na kuma cire. Ga igiya a damanki. Yashi, ɓawo, ƙaiƙayi, tsakuwa. In kin ji tsakuwa ki taɓa goruna ki juyo."

Ta ce, "In na ji ƙaya fa?"

"Sai ki zo ki ja mini kunne."

Larai ta ce, "Ba mai magana, ba mai taɓa ta."

Binta ta laluba ta kama igiya da yatsu biyu, ta murza ta, ta ce, "Wannan tufkar Gana ce, ba ta da kyau." Daga cikin zaure wani yaro ya ce ƙarya take yi. Ta fara tafiya. A kan yashi tana jan ƙafa, kafaɗunta a ɗage. Da ta kusa ɗinya sai ta tsaya, ta saki igiyar. Ta daɗe a tsaye, hannuwa a sake, kai a karkace. Na ga Larai ta gyara mayafi ta ɗaga ƙafa. Umara bai dube ta ba, ya dai ce a hankali, "Ke kika ce ba mai taɓa ta." Ta mayar da ƙafar.

Can sai yarinyar ta miƙa hannu, ta sami igiyar a inda ta bar ta. Muka ji ɓawon gyaɗa yana ƙara. Ta kai ƙulli, ta karya kwana, ta tsinki ganye ta murza a hanci. A kan ƙaiƙayi har ta fara sauri. Da ƙafarta ta taɓa tsakuwa ta rage, ta lalubi goruna ta girgiza su, ta sake girgizawa don jin daɗi, ta juyo. Baƙo da ke gefena ya saki numfashi kamar wanda ya sauke buhu.

Ta iso bakin ƙofa ta ce, "Albasa." Larai ta kamo hannuwanta ta juya su ciki da baya, ta ɗaga mata ƙafa ɗaya ta duba, ta duba ɗayar.

"Me kika tsaya yi a can?"

"Kurciya ce ke shan ruwa, Inna. Su biyu ne. Na jira su gama."

Larai ta juya wajen zaure ta ce, "Allah gafarta Malam, gobe da safe zan kawo ta." Da yamma dai an ga an kai wa Umara tarwaɗa banda guda huɗu a faifai, ya aiko mini da ɗaya. Malam Isa kuwa ya zauna a bakin ƙofar ya daɗe yana shafa fuska. Ni kuma na zauna a kan kwando. Umara ya koma jigonsa, don albasar da ta rage masa ba ta sha ruwa ba tun safe.

Ban daɗe a Haɗeja bayan wannan ba. Kafin damina aka tura ƙungiyarmu aikin hanya wajen Kaugama, daga can aka ƙara gaba da mu, na yi shekaru ban dawo ba. Ranar da zan tafi na biya ta fadama in yi masa sallama. Na tarar an kawo wa Malam sababbin yara biyu daga Kirikasamma, ɗayar ƙarama ƙwarai, sunanta Falmata, ko ta yi ɗage hannunta ba ya kai wa igiya. Umara ya tsayar da ita jikin dirka, ya sa wuƙa ya yi alama daidai ƙugunta.

Na ce, "Baba, zan wuce."

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Riƙe mini bakin igiyar nan tukuna."

Na riƙe, ya ja sabuwar igiya ƙasa da ta farko ya ɗaure a dirkar fari, ya karɓi bakin daga hannuna. Na saɓa kayana. Da na hau gaɓa na waiga, ya kai dirka ta uku, yana durƙushe yana jan ƙullin da haƙori.