Tiyon da Ya Fashe a Hanyar Taloka

Mahaifina direba ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar albasa da shinkafa daga Goronyo zuwa Sakkwato a wata tsohuwar a-kori-kura fara, kuma bai taɓa kai ta wurin bakanike ba sai in aikin ya kai ga sauke inji. Ni ne ɗansa na fari, amma bai taɓa bari na riƙe ko sifana ba. In na matso yana ƙarƙashin mota, sai ya ce in koma ga littafina. Haka na girma na zama malamin firamare a Wurno. Na iya tuƙi, amma in aka buɗe bonet ba na bambance komai.

Ciwon suga ne ya cinye masa ido a hankali, har ta kai ba ya gane dare da rana. Motar ta zauna a ƙofar gida. Duk Juma'a nakan tayar da ita don kada batir ya mutu, shi kuma yana zaune a kan tabarma yana sauraro.

Wata safiya da bazara aka bugo waya daga Taloka cewa jikin gwaggona ya yi tsanani, kwana biyu ko kunu ba ya wucewa. Ita ce ƙanwarsa, kuma su biyu suka rage a ɗakinsu. Na ce mu je tasha mu hau motar haya.

"Ba ni shiga motar kasuwa ana jana da hannu," in ji shi. "Tada tawa, mu tahi."

Ta tashi, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi karkarwa ta mutu. Sau uku haka. Ya miƙe ya lallubo bango.

"Silo ne ba ta riƙewa. Buɗe bonet, Malam, ka kawo ni kusa."

Malam yake ce mini, don bai taɓa kiran sunana ba. Na kai shi. Ya sa hannu cikin injin kamar mai laluben aljihunsa, ya riƙe wayar totur, ya ce in tayar. Ya karkata kunne yana sauraron injin.

"Kana jin wani ɗan huci? Iska take sha inda bai kamata ba. Bi ƙaramar robar nan da ta hito daga kafireto, ka gaya man mi kag gani."

Na bi ta da yatsa. Bakinta ya bushe ya tsattsage. Ya sa na yanke wurin da reza na mayar da ita ta zauna daram. Sannan ya ɗora yatsana a kan wata 'yar kusa, ya ce in juya da sukundireba rabin zagaye, in koma baya kaɗan, in tsaya. Ya saki wayar. Injin ya ci gaba da aiki shi kaɗai, a natse. Bai yaba mini ba, ya dai ce in ɗauko masa hularsa.

Mun bar Wurno da hantsi. A hanya carbinsa kawai yake ja. Mun yi nisa a hanyar Goronyo, rana ta take, sai ya ɗaga kai.

"Tsaya. Tana ƙaurin zahi."

Kafin in gama sauka gefen titi tururi ya turnuƙe gaban gilashi. Na fita a guje na buɗe bonet, na kai hannu ga murfin lagireto.

"Kak ka taɓa shi," ya faɗa daga cikin mota. Ban san yadda ya san inda hannuna ya nufa ba. "Ruwan nan na iya saɓule maka huska. Mu jira ta huce."

Muka zauna a inuwar wata bagaruwa. Wannan jiran ya fi komai yi mini wuya, don na san abin da yake tunani. Na ce ko in tsayar da wata mota ya yi gaba, ni in zauna da wannan. Ya girgiza kai. Can ya ce, ranar da aka kai gwaggo ɗakin miji, shi ya ɗauki kayanta, kuma ya yi mata alkawari duk ranar da ta neme shi zai zo da ƙafarsa.

Da injin ya huce na sake kai shi. Ya bi babban tiyon sama da tafin hannu yana matsawa, har ya tsaya daf da inda aka ɗaure shi da kilif. Nan ya tsage, tsawon ɗan yatsa. Ya ce Allah Ya taimake mu a baki ne, da a tsakiya ne sai an sayo wani. Na kwance kilif ɗin, na yanke wurin da ya lalace da wuƙarsa, na jawo ragowar da ƙyar ta kai. Kilif ɗin ya yi tsatsa, ya karye a hannuna. Na gaya masa kilif ya karye.

"Duba ƙarƙashin kujera," in ji shi. "Akwai waya da filaya. Nan nike aje su."

Suna nan kuwa, cikin wani tsumma. Na naɗa wayar sau biyu na murɗe, yana taɓawa yana cewa in ƙara. Wani manomi da ke ban ruwa a gonar albasa ƙasa da titi ya cika mana jarka, ya ƙi tafiya sai da ya ga motar ta tashi. Baba ya ce in bar murfin lagireto sako-sako don kada ƙarfin tururi ya sake fasa tiyon, in kuma tafi a hankali. Sau biyu muka tsaya ƙara ruwa.

Ana kiran la'asar muka shiga Taloka. Gwaggo tana kwance, ta rame har na so in kasa gane ta, amma tana cikin hankalinta. Na zaunar da shi a bakin gadon. Ya lallubo hannunta ya riƙe.

"Yaya, ka zo," ta ce.

"Na zo. Ki yahe man, na makara."

"Ba ka makara ba."

Na fito na ba su wuri. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa har kusan magariba, har sau ɗaya na ji ta yi 'yar dariya.

Baba ya ce shi zai zauna, ni in koma saboda makaranta. Washegari na wuce Achida na sayi sabon tiyo da kilif biyu, na sa su ni kaɗai a ƙofar gida. Sai da na kwance sau biyu kafin ya daina ɗiga. Kwana huɗu bayan haka Allah Ya yi wa gwaggo rasuwa da safe, yana zaune kusa da ita. Na koma muka yi jana'iza, na zauna har aka yi addu'ar uku, sannan na ɗauko shi muka dawo Wurno.