Ranar da Hadda ta Tsinke a Difens

Ko na tsufa na fara mantuwa, ranar difens ɗinmu, wato ranar kare furojet ɗin kammala digiri a gaban malamai, ba za ta fita daga kaina ba. Furojet ɗin mu biyu aka haɗa, ni da wata ƴar ajinmu a Fiziks, kuma maki ɗaya za a ba mu. In mun faɗi, sifil ne, wato ƙarin shekara a harabar jami'armu ta Yelwa. Ni kuwa yajin aikin malamai ya riga ya tsotse ni, ko allon sanarwa na gani sai kaina ya sara.

Maudu'in shi ne yadda fashewar taurari ke korar iskar gas daga galaksi, wato garken taurari. Abokiyar aikina mahaddaciya ce tun daga Islamiyya, don haka ta yi wa furojet ɗin abin da ta iya: ta haddace shi tas. A keke ma bita take.

"Hajiya, ki fahimce shi mana," na ce mata.

"Malam, kai dai ka danna kwamfuta, ka bar min baki."

Aka shiga. Ta ɗauko tiryan-tiryan, har na fara jin mun haye. Sai Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗaga biro.

"Dakata, ƴata. Tauraro ɗaya ne ke wannan aikin?"

Wanda ya san hadda ya san matsalar: in aka tsinke ka a tsakiya, sai ka koma farko. Ta koma farko. Ya sake tambaya, ta sake komawa. Sufabaizanmu, malamin da ya duba mana aikin, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Wallahi ba jarumta ba ce, gajiya ce ta buɗe min baki.

"Sa, ka taɓa ganin ana gugguru?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ina jin ka."

"Ƙwaya ɗaya in ta fashe, murfin tukunya ko motsi ba ya yi. To manyan taurari tare ake haifarsu, kusan tare suke mutuwa. In suka fashe bi da bi a wuri ɗaya, gas ɗin ya ɗau zafi ya kumbura, sai ya ɓalle murfin ya yi waje."

"Ya tafi ke nan?"

Kafin in yi numfashi, tambayar ta faɗa daidai kan wani layi na haddarta. Ta cafke: a babban galaksi wani gas ɗin yakan huce ya dawo, a ƙarami kuwa ƙarfin jan galaksin bai isa ya riƙe shi ba, sai ya rasa abin haɗa sababbin taurari. Ta zubo lissafin har ƙarshe, wanda ni ko da bulala ba zan kawo ba.

Farfesa ya rufe fayil. "Ɗaya da tukunya, ɗaya da murfi. Ku je, kun wuce. Da ƙyar."

Ƴan aji suna ta hotuna a waje. Mu kam gindin wata bishiya muka samu muka zube.

Yau in na tuna, abin da na koya shi ne: in kaya ya yi nauyi, kada ka raina yadda abokin tafiyarka ya ɗauki nasa gefen. Da ni kaɗai ne, da gugguru zan tsaya, in maimaita shekara.