Dokin Yaya Haruna

Shekara uku ke nan da rasuwar wana Haruna, malamin lissafi a kolejin Madawa. An ce ni zan rubuta labarinsa, tunda ni ce rediyon gidanmu. Na zauna in tuna muryarsa, ban same ta ba. Wannan nake tsoro, kada in wayi gari babu sauran komai nasa a wurina.

Eshek yake bugawa, wato darar Turawa mai sarki da dawaki da sojoji. Ranar da ya ce wa Baba eshek za ta kai shi gasa a Tawa, Baba ya ajiye ludayi. Eshek ɗin da Baba ya sani a Faransanci ita ce ta faɗuwa jarrabawa.

"Kai ma ka hwaɗi? Malami guda? To mi kaka koya ma ɗiyan mutane?"

Mun yi dariya har jakin maƙwabta ya tsinke igiya. Yanzu ina ba da labarin, mutane na dariya, ni ina kallon bakinsu.

A Tawa aka haɗa shi da wani likitan dabbobi daga Kaita, dukansu masu maki a jerin gwanaye. Likita ya tura sojan gaban sarki. Maimakon ya tare shi da soja, Yaya ya fito da doki shi kaɗai. Likita ya yi ta korar dokin da sojoji har suka bar sarkinsu tsirara, Yaya ya zagayo ya cinye wasan. Da bazara sanƙarau ya ɗauke shi. Da yana nan, da ya ga allonsa na eshek ya zama faifan shanya kuɓewar Inna, kuma na san dariya zai yi.

Makon jiya likitan ya zo gaisuwa da nasa allon, wai sai yanzu ya ji rasuwar.

"Ke ce ƙanwar da yak koya ma? Zamna."

Na ce na manta. Ya tura sojan gaban sarki, ya jira. Kafin in yi tunani, hannuna ya ɗauki doki.

Ya cinye ni kafin shayi ya huce, ban ji zafi ba. Yana tattara kayan ya ce, "Haka yaka yi. Har cizon leɓen nan."

Ban san ina cizon leɓe ba. Muryar ba ta dawo ba, amma wannan kam yana nan.