Tarkon da Kawuna Ya Ɗana wa Mutumin Tozai

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Unguwar Lalle, amma dara ce ta sa anka san shi daga Sabon Birni har Isa. Da an yanke gero an cika rumbu, sai ya koma gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya tona gurabe talatin a ƙasa, ya karya karan dawa ya yi 'ya'ya goma sha biyu, ya jira wanda ya ji ya isa ya zo da tsakuwa goma sha biyu. Dokar ba wuya: ka jera 'ya'yanka ukku, ka ɗauke ɗa guda na abokin wasanka. Amma na ga manyan mutane sun tashi daga gabansa suna kaɗe riga ba su ko yi sallama ba.

Mutum guda ne ke iya tsayawa da shi, wani dattijon Bafillace na Tozai, mai shanu da gonar dawa, wanda ke jin Hausa kamar kowane Bagobiri. Duk rani sai sun haɗu, bana a Isa, baɗi a Sabon Birni. Ina cikin masu bin su duk inda za su kara. Nakan riƙe wasanninsu a ka, in dawo gida in sake kafa su a tsakar gida ina neman inda wanda ya faɗi ya yi kuskure.

Da kawu ya ga haka, sai ya riƙa kafa mani wasa rabi, ya ce, "Kara ke da tafiya. Fid da shi." Wani in warware nan take, wani in yi mako ina juya shi. Wata shekara, bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, ya kira ni bayan rumbunsa ya kafa mani wani. Na yi kwana huɗu, na kasa. Sai ya gwada mani da kansa. Za ka saki 'ya'ya biyu kamar ka yi mantuwa, abokin wasa ya ci, ya sake ci, cin nan kuwa shi ke buɗe maka abin da 'yan dara ke kira doki, wato ɗa guda da ke kai da komo tsakanin gurabe biyu, duk motsinsa ci ne.

"Damina ukku ina gina wanga," in ji shi. "Na mutumin Tozai ne. Kai ɗai na gwada ma, don kada in mutu da shi. Ka riƙe bakinka."

Na ce, "Kawu, ko uwata ba ta ji."

Lokacin ina malamin allurar shanu a ƙarƙashin En'e, muna yawo da wani Bature likitan dabbobi. Munka kafa sansani kusa da Kamarawa, makiyaya na kawo garkensu. Baturen yana da tasa darar, allo mai gidaje baƙi da fari, da sarki da dawaki na sassaƙa. Ana aiko masa da jarida daga ƙasarsu, a cikinta akwai zanen wasa rabi, a ce fari ya kama sarki a tafiya biyu. Da rana ta yi tsaka an dakata da aiki, sai ya zauna a inuwa yana ta kallon allon yana tsotsar lofe. Ya koya mani tafiyar 'ya'yan, har na warware masa guda biyu, ya ji daɗi. Yakan kuma karanta mani labarin gwanayensu da ke karawa a can, wa ya ci wa.

Ran nan na ce masa mu ma muna da gwanaye. Ya yi murmushi, ya ce da Hausarsa mai lanƙwasa, "Wannan na tona ƙasa? Na gani. Wasa mai kyau, na hutawa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta soke ni. Na durƙusa nan take na tona gurabe talatin, na tsinto tsakuwa da kara, na kafa wasan kawu.

"Ranka shi daɗe, kara ke da tafiya. Fid da shi."

Ya duƙa, ya gwada nan, ya gwada can. Makiyayan da ke jiran allura sunka kewaye mu. Da ya gaji ya ce in gwada masa, na gwada. Ya ce in sake, na sake, a hankali, ina bayani da murya sama don kowa ya ji. Ya tafa hannu, ya ɗauko littafinsa ya zana. Kaina ya yi girma. Sai da na miƙe na ga dattijon Tozai a tsaye bayan mutane, ya harɗe hannuwa bisa sandarsa, idonsa na kan guraben.

Abin da ya ce kawai, "Malam, a zo a sallame mu, shanuna ba su sha ruwa ba."

Tsakanin ranar nan da ranar karawa akwai kusan wata guda. Sau biyu ina zuwa Unguwar Lalle da niyyar in faɗa. Zuwan farko na iske kawu yana raha da baƙi, na ce ba yau ba. Na biyu muna zaune mu kaɗai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bana za ni kwantar da Bafillacen ga, kai ne shaidata." Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa lafiyar jakinsa. Na riƙa lallashin kaina cewa mai yiwuwa dattijon bai gani da kyau ba, ko ya manta.

Anka haɗu ranar kasuwar Sabon Birni, da hantsi, a rumfar masu goro. Mutane sun cika, wasu bisa raƙuma suna leƙe. Kawu ya ci wasan farko, mutumin Tozai ya ci na biyu. A na ukku na ga 'ya'yan suna komawa inda na san su. Kawu ya saki ɗan farko, har ya ɗan yi tsaki kamar wanda ya yi kuskure. 'Yan Isa, masu goyon bayan mutumin Tozai, sunka fara murna suna cewa a ci.

Dattijon bai ci ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ɗauki tsakuwa guda ya ajiye ta daidai gurbin da dokin zai tsaya. Kawu ya riga ya warwatsa 'ya'yansa saboda tarkon, ba shi da abin tarewa. Kafin azahar an share shi.

Munka kama hanyar gida, shi bisa jaki, ni a ƙasa. Na jira ya tuhume ni. Da ya yi, da na samu sauƙi. Sai da munka wuce fadama ya yi magana.

"Ka gani ko? Abin da na gina damina ukku, mutumin ga ya gane shi a zama guda. Wanga ya fi ni. Kaina ya tsufa, ɗana."

Na ce, "Kawu, sa'a ce kawai."

"Babu sa'a a dara," in ji shi.

Daga shekarar bai sake zama gindin tsamiya ba. In an zo neman wasa, sai ya ce a tafi Tozai, can gwani yake. Yakan faɗi haka da zuciya guda, yana yabon mutumin a gaban kowa, ni kuwa ina zaune ina ji.

Da rani ya zagayo, dattijon ya sake kawo shanu allura. Ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka faɗa mashi?"

Na ce a'a.

"Ni ba ni faɗi, ba maganata ba ce. Amma ka sani ban ji daɗin cin nan ba. Na so in ci ɗan da ya saki, in faɗa ramin da idona biyu, sai na ga raini ne gare shi. In kauce kuma, ga abin da ya biyo baya. Kai ka sa ni tsakani. Je ka gaya mashi, shi dawo mu buga."

Na yi alkawari. Sai anka yi mani canjin wurin aiki zuwa wajen Sakkwato, na ce in na zo hutu. Na zo hutu sau biyu, na kawo wa kawu goro da turmin alawayyo, munka yi hirar damina da tsadar gishiri. Kafin hutu na ukku anka aiko ya rasu, zazzaɓin kwana biyar.

Ranar addu'ar bakwai mutumin Tozai ya zo a ƙasa, da ƙurar hanya har gwiwa. Ya yi wa mahaifiyata ta'aziyya daga bakin zaure, ya bi 'ya'yan kawu ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kaina ya kama hannuna, ya tsaya, ya dube ni, ya jira. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah shi gafarta mashi," ya saki hannuna ya wuce wurin na gaba.