Takalmin Ofis a Jakar Yasna

Yasna Retamal ta san nauyin duk abin da ta mallaka. Buroshin haƙorinta giram goma sha ɗaya ne, bayan ta yanke rabin mariƙinsa da wuƙa. Tawul giram ɗari da arba'in. Wando biyu, riga huɗu, safa ƙafa uku, cokali ɗaya. Shekararta huɗu a wani kamfanin aika kaya a Santiago, tana zaune kusa da sikeli daga takwas zuwa shida, har ta kai idan ka miƙa mata kwali ta ɗaga da hannu ɗaya sai ta faɗa maka nauyinsa, kuskurenta ba ya wuce giram hamsin. Shi ya sa ranar da bizarta ta fito, ta shekara guda ta aiki da yawo a Niyu Zilan, ba ta tsaya ihu da tsalle ba. Sikelin kicin ta jawo. Ta yanke wa jakar goyonta hukunci: kilo goma sha biyu, ko giram ɗaya babu ƙari.

A cikin kilo goma sha biyun nan akwai giram ɗari takwas da sittin da ba ta son haɗa ido da su. Baƙin takalmi ne mai tsini, da farar riga mai maɓallai. Ba don aiki ta cusa su ba, don hoto ne.

A nan Romeral aka haife ta, shekara ashirin da bakwai ke nan, a gida na uku bayan gada. Uwarta, Doña Herminda, kaka ashirin da tara ta yi tana hawa tsani tana tsinkar 'ya'yan itacen ceri a gonakin mutane, kuma da wannan ta rene ta ita kaɗai. Tun Yasna na goye matar ta yi alkawari ɗaya: 'yarta ba za ta hau tsani ba. Idan hutu ya zo, sa'o'in Yasna suka bi iyayensu gona don su sayi waya, ita tana gida da littafi a gabanta. Duk lokacin da ta yi ƙorafi, amsar ɗaya ce.

"Tsani ɗaya ya ishi gidan nan."

Yarinya ta yi karatu, ta tafi birni, ta sami tebur da kujera mai juyawa. A can idan an tambaye ta sana'ar uwarta, sai ta gyara murya ta ce, "Tana harkar fitar da 'ya'yan itace ƙasashen waje." Sau goma sha huɗu ta faɗi haka a shekara huɗu. Ta ƙirga, don ba ta iya barin ƙirga ko da abin da ba ta son tunawa ne.

To, da ta kira gida ta ce za ta haye teku, Doña Herminda ta tambaye ta wane aiki za ta yi a can, sai bakin Yasna ya riga tunaninta.

"Ofis ne, Mami. Irin nawa na nan."

Alhali gonar ceri ce, a can kudancin Niyu Zilan ɗin. Tsarin da ta yi shi ne kowace Lahadi ta sa farar rigar da takalmin, ta tsaya gaban wani gini mai gilashi, ta ɗauki hoto ta aiko. Lahadi hamsin da biyu, hoto hamsin da biyu.

Da a nan ta tsaya ma da sauƙi. Fom ɗin gonar yana da wani gurbi da ke tambayar ko ka taɓa yin aikin, kuma an rubuta cewa ƙwararru ne ake ba gado a gidan ma'aikata. Yasna ta yi lissafi ta ga idan babu gadon nan, guzirinta ba zai kai wata ɗaya ba. Sai ta rubuta kaka uku. Ta sa sunan gonar da uwarta ke aiki. Wurin yawan akwati a rana ta sa ashirin da takwas, adadin da take jin uwarta na faɗa. Bayan mako guda amsa ta zo da fara'arta: madalla, a aiko da suna da lambar shugaban ma'aikatan gonar, za su kira shi.

Shugaban nan Don Rigoberto ne, mutumin da ya san ta tun ba ta da haƙora. Kuma a Romeral, maganar da ta shiga kunnen Don Rigoberto da safe, kafin shayin yamma ta zaga gari.

Saura kwana goma sha shida jirgi ya tashi ta iso gida yin sallama. Ta tarar an shimfiɗa teburin shayi da burodin gida da fiya da aka dama da gishiri, ga Doña Otilia a zaune, aminiyar uwarta, wadda suke layi ɗaya a gona shekara ashirin.

"A'a, ga manaja! Tashi mu gaishe ta, Herminda, kada a kore mu daga aiki."

"Haba, tía Tila," in ji Yasna. Haka take kiran Doña Otilia, wato inna Tila.

"Tía ɗin me? Gobe idan na kira ki wata Baturiya ce za ta ɗauka ta ce kina taro." Ta sunkuya ƙarƙashin kujera ta fito da ƙunshi. "Ungo. Mu goma sha bakwai muka haɗa, har da Chela mai rowa, ki rubuta wannan a tarihi."

Jakar hannu ce ta fata, irin ta zuwa ofis, da zif mai ruwan zinariya. Yasna ta karɓa, hannunta ya gaya mata giram ɗari shida da ashirin ne kafin ta hana shi. Ta yi godiya kanta a ƙasa.

Da Doña Otilia ta tafi, suna wanke kofuna, uwa na cuɗawa 'ya na ɗauraya, Yasna ta faɗa. Ta faɗa a jere kamar mai karanta jerin kaya: babu ofis, gona ce, ga abin da ta rubuta a fom, ga abin da suke nema, ga dalilin takalmin. Ba ta ɗaga ido daga famfo ba.

Doña Herminda ta ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita tas. Can ta ce, "Akwati nawa kika ce musu?"

"Ashirin da takwas."

"Talatin da ɗaya nake yi. Ko satar ma ba ki iya ba."

Yasna ta so ta yi dariya, ta duba fuskar uwar ta fasa.

"Wato wajen Turawa kin ari hannuna kin yi ado da shi. A Santiago kuma kin ɓoye shi a aljihu. Kina zaton ban sani ba? Ranar da na zo miki, ƙawarki ta tambaye ni ƙasa nawa nake aika wa kaya, me kike so in gane?" Ta kife kofin. "Ni na hana ki tsani don kada gwiwarki ta zama irin tawa. Ban hana ki don abin kunya ne ba."

"Mami, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na nan, ba inda za shi. Gobe biyar da rabi mota ke tsayawa a gada. Da bakinki za ki gaya wa Rigoberto. Da bakinki za ki gaya wa masu jaka."

Daga gada zuwa gona minti ashirin da biyu ne. Yasna ta yi su a tsaye, riƙe da ƙarfen mota, idanu talatin da huɗu a kanta. Da ta gama yi wa matan bayani, Doña Otilia ce ta fara magana.

"Tsaya in gane. Za ki yi awa goma sha uku a sama, ki je ƙarshen duniya, don ki yi abin da muke yi a bayan gidanku?"

"E, tía."

"Ku ji fa! Ashe mu ma yawon buɗe ido muke yi shekara ashirin ba mu sani ba!"

Mota ta kece da dariya. Wata daga baya ta ce a dawo mata da kuɗin zif. Doña Herminda kaɗai ce ba ta yi ba, tana kallon taga, kuma wannan ya fi dariyar zafi.

Don Rigoberto ya saurare ta yana sosa ƙeya da hularsa.

"'Yata, ni ko da harshenmu ban iya ƙarya a waya ba, balle da Turanci. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Ga tsani, ga bokiti. Ba ni abin da zan gani."

Aka rataya mata bokitin a ƙirji, igiyoyin suka gitta a bayanta. Ta hau da ƙarfinta, don ta riga ta tsara: akwati huɗu a awa, awa bakwai, ashirin da takwas. Ta kama ja da hannu biyu kamar mai tatsa. Kafin rana ta take ta cika shida, mai duba kaya ta ture biyu gefe, don rabin 'ya'yan babu tsinkensu, kuma ceri marar tsinke ba ya shiga jirgin ruwa. Tun daga layi na uku ake jiyo Doña Otilia.

"Manaja! A rubuta shida ko huɗu?"

Doña Herminda tana can tana nata aikin duk safiyar. Sai da ta zo wucewa ta ga ƙasan bishiyar, ta sunkuya ta tsinci wani ɗan toho mai kauri da Yasna ta ɓalle. Ta ɗaga shi daidai hancinta.

"Kin san mene ne wannan? Nan 'ya'yan baɗi za su fito. Kin ci na bana, kin kashe na baɗi. Sauko."

Ta sauko. Uwar ta kama hannunta, ta ɗora babban yatsanta a gindin tsinken.

"Ba ja ake yi ba. Sama za ki tura, kamar kina ɗaga haɓar jariri. Ji? Shi da kansa zai saki."

Tsinken ya saki da ɗan ƙas. Rabon da uwarta ta riƙe mata hannu haka tun tana koyon rubutu. Tafin kamar bawon itace, yatsu biyu sun karkace ba sa miƙewa. Yasna ta sha ganin hannun nan yana miƙo mata burodi, amma ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba.

Kwana na biyu akwati tara. Na uku tara. Na huɗu goma sha biyu, na biyar ta koma goma, don kafaɗunta sun saɓule inda igiya ke ci. A rana ta shida, lokacin hutun rabin awa, tana zaune a inuwa sai ta shiga ƙirga wa uwarta. Tsanin matakala tara ne. A awa ɗaya matar ta hau sau goma sha tara, da kilo takwas a ƙirji a yawancin saukowar. Yasna ta ninka da awa bakwai, ta ninka da kwana sittin, ta zo za ta ninka da kaka ashirin da tara, sai ta ga uwar ta dafa gwiwa da hannu kafin ta taka matakala ta farko. Ta kife wayar a cinya. Wannan ne lissafi na farko a rayuwarta da ta bari ba ta ƙarasa ba.

Rana ta tara ta cika goma sha bakwai, ba a ture ko ɗaya ba. Doña Otilia ta leƙa akwatin ƙarshe ta taɓe baki.

"Ba laifi. Nan da shekara goma za ki kamo Chela."

Da yammar, a teburin shayi, a gaban uwarta, Yasna ta rubuta wa gonar Niyu Zilan. Tana rubutawa tana fassara mata layi layi: abin da na sa a fom ba gaskiya ba ne, kwana tara na yi ba kaka uku ba, mafi yawa akwati goma sha bakwai, ga lambar Don Rigoberto Faúndez. Yatsanta ya yi minti guda a kan maɓallin.

"Tura mana, shayi na hucewa," in ji Doña Herminda.

Bayan kwana biyu suka amsa, layi uku, babu madalla a ciki. Ta zo, amma cikin sababbin hannu. Gadon ya wuce ta. Akwai fili a bayan rumbu inda ake kafa tanti.

Tantin da ta samo na hannu ne, kilo ɗaya da giram ɗari tara. Ta zazzage jakar a tsakar ɗaki ta sake zama da sikeli. Takalmi da farar riga suka fita, ɗari takwas da sittin. Wando ɗaya, littafi ɗaya, rabin sabulu, riga guda suka bi bayansu. Jakar fata kuwa ta kai wa Doña Otilia har gida, tana ba da haƙuri.

"Kyauta ba ta dawowa, 'yar nan. Ki kai wa uwarki. Ita ce mai harkar ƙasashen waje."

Yasna ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ashe har wannan sun sani.

Ranar tafiya, a tashar motar garin Curicó, Doña Herminda ta zo da jakar fata a kafaɗa, da burodi huɗu a ciki. Ta gyara wa 'yarta igiyar jakar goyo, ta ja ta sosai.

"Hoton Lahadin nan ina son abina. A kan tsani. Ki rubuta adadi a ƙasa, na gaskiya."

Hoton farko ya iso mako uku bayan haka, ya zaga motar biyar da rabi daga gaba har baya. Yasna ce a matakala ta bakwai, hanci ya ƙone da rana, a ƙasa an rubuta goma sha uku.

"Goma sha uku?" in ji Doña Otilia. "Herminda, 'yarki baya take ci."

Doña Herminda ta karɓe wayarta, ta goge fuskar da gefen riga, ta jefa ta cikin jakar fata ta ja zif.

"Itatuwansu ne dogaye," ta ce.